Mai Matsakaicin Jari: Yaushe Ake Zuba Duka, Yaushe Ake Janyewa?

Duk shekara idan watan Maris ya kama har zuwa Afrilu, albasa kan cika ƙasar Adar. Daga fadamar Tadis da ke nan gefen Tawa zuwa Tamaske, Keita da Tabalak, har can kudu wajen Galmi, Tsarnawa da Madawa, ba abin da ido ke gani sai buhuna jere a bakin hanya, ga manoma na neman kuɗi a hannu, farashi kuwa ya faɗi warwas. Kowa a kasuwa ya san cewa wannan buhun da ake roƙon mutum ya saya yau, idan Allah ya kai mu Oktoba ko Nuwamba sai an neme shi da tsada, wata shekara ninki biyu, wata shekara har ninki uku. A nan ne zuciya kan fara raya wa ɗan kasuwa cewa: me zai hana in kwashe abin da ke hannuna kaf in zuba, in zauna in jira?

Wannan tambaya ba ta dami kowa daidai ba. Mai ɗan tire da ke kasa albasa kashi-kashi ba ta da abin ɓoyewa, abin da ta saro da safe shi za ta sayar kafin magariba. Alhaji mai tireloli kuwa, ko ya yi asarar mota guda, gobe zai sake loda wata. Wanda ke cikin tsaka mai wuya shi ne na tsakiya, wato mai jika ɗari biyar, ko miliyan ɗaya, ko biyu, wanda jarinsa ya isa ya sa shi kwaɗayin babbar riba, amma bai isa ya ɗauke masa babbar asara ba. Irin waɗannan su ne suka fi yawa a rumfunanmu, maza da mata.

To, abin mamaki shi ne akwai wasu mutane a can ƙasashen Turawa da suka shafe shekaru suna lissafin wannan matsala, ba a kasuwa ba, a kan teburin karta. Wasan da suke yi sunansa foka. Tun da wuri bari mu faɗa: foka ta kuɗi caca ce, kuma hukuncin caca a bayyane yake cikin suratul Baƙara da suratul Ma'ida, ba wanda ke kiran wani ya je ya zauna a wannan tebur. Sai dai lissafi ba shi da ƙabila. Abin da suka gano game da mai matsakaicin jari ya cancanci ɗan kasuwa ya saurara, ya ɗauki mai amfani ya watsar da saura.

Yadda wasan yake

Foka ba irin belot ɗin da samari ke bugawa a fada ba ce. Samfurin da ya fi shahara, wanda ake dangantawa da jihar Tekzas ta Amurka, ana yin sa da karta 52. Ana raba wa kowane ɗan wasa karta biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiyar tebur waɗanda kowa ke da rabo a cikinsu: uku a karon farko, sai ɗaya, sai ta ƙarshe. Kafin kowane buɗi ana zuba kuɗi. Wanda layi ya zo kansa yana da zaɓi uku: ya janye ya bar abin da ya riga ya zuba, ya amsa daidai abin da aka zuba, ko ya yi ƙari. Idan kowa ya janye, wanda ya rage shi ke kwashe kuɗin tsakiya ba tare da ya nuna kartarsa ba.

Akwai kuma abin da za mu kira kuɗin dole. A kowane rabo mutum biyu ne ke zuba kuɗi tun ba su ga kartarsu ba, ɗaya ƙaramin dole, ɗaya babban dole, kuma abin zagayawa yake yi. A gasa, wannan kuɗi ƙaruwa yake yi lokaci bayan lokaci. Saboda haka wanda ya naɗe hannu yana jiran karta mai kyau, tulinsa narkewa yake yi yana kallo. As biyu, wadda ita ce karta mafi ƙarfi, sau ɗaya take zuwa cikin rabo 221.

Babbar gasar duniya ta wannan wasa an fara ta a 1970 a birnin Las Begas, a gidan cacar wani mai suna Benny Binion. Tun 1972 kuɗin shiga babban zagayenta dalar Amurka 10,000 ne, wato sama da miliyan 5 na sefa. A 2003 wani akanta mai suna Chris Moneymaker, wanda ya samu kujerarsa ta hanyar wata ƙaramar gasa a intanet, ya lashe dala miliyan 2 da rabi, daga nan jama'a suka yi caa a kan wasan. A 2024 mutum 10,112 ne suka shiga. Amma mai karatu ya riƙe wannan: kusan 15 cikin 100 ne kawai ke fita da wani abu, sauran 85 hannu rabbana suke komawa gida.

Lissafin tura duka

Dabarar da muke magana a kai ita ce wannan: tun kafin a buɗe karta ko ɗaya a tsakiya, wani ya yi ƙari, kai kuma ka mayar masa da ƙari a kan ƙarinsa da duk abin da ke gabanka. Ga misali da alƙaluma masu sauƙi. A ce ƙaramin dole 50 ne, babban dole 100, kai kuma kana da 2,000, wato ninkin babban dole sau 20. Wani ya ɗaga zuwa 250. Yanzu a tsakiya akwai 400. Sai ka tura 2,000 ɗinka gaba ɗaya.

Abu biyu ne zai faru. Na farko, kowa ya janye, ka kwashe 400. Wannan kashi ɗaya cikin biyar ne na jarinka, ka same shi ba tare da sa'a ta sa baki ba. Na biyu, mai ƙarin farko ya amsa. A nan kuɗin tsakiya ya zama 4,150, kuma tunda ba ya amsawa sai da karta mai ƙarfi, a ce damarka ta cin nasara 35 ce cikin 100. Idan aka baje lissafin, duk lokacin da aka amsa maka kana asarar kimanin 550.

To, sai a haɗa. Idan cikin sau goma ya janye sau bakwai, ka samu 2,800, ka yi asarar 1,650 a sauran ukun, riba ta tashi 1,150. Idan kuwa sau huɗu kawai ya janye, ka samu 1,600, ka yi asarar 3,300, ka faɗi da 1,700. Karta ɗaya ce, kuɗi ɗaya ne, amma a wuri ɗaya riba, a ɗayan asara. Iyakar da ke tsakani ita ce kusan sau shida cikin goma. Wato ribar wannan dabara ba daga kyan karta take fitowa ba, daga janyewar abokin karawa take fitowa. Gwanin wasa ba fata yake yi a amsa masa ba, fatansa a bar masa fili.

Me ya sa sai mai matsakaicin tuli?

Mai ƙaramin tuli ba ya ba kowa tsoro. Idan 500 kawai gare ka ka tura, wancan 250 zai ƙara domin ya nemi 900 da ke tsakiya, saboda haka da kowace irin karta zai amsa. Mai babban tuli kuwa, a ce 10,000, wauta ce ya jefa su duka domin neman 400, don ba wanda zai amsa masa sai mai kartar da ta fi tasa nesa ba kusa ba. Dabarar tana aiki ne a tsakiya, daga kamar ninki 12 zuwa 25 na babban dole, inda tulin ya isa ya razana mutum, kuma abin da ke tsakiya ya isa a yi kasada dominsa.

Wani zai ce, me zai hana ya amsa 250 ɗin kawai ya ga abin da za a buɗe? Dalili shi ne mai karta biyu mabambanta sau ɗaya cikin uku ne kacal buɗin farko ke dacewa da shi. Sau biyu zai janye ya bar kuɗinsa, kuma jarinsa bai kai na irin wannan leƙe-leƙe ba. To, ko ya yi ɗan ƙari zuwa 700? Wannan ma tarko ne, domin ya riga ya saka kashi ɗaya cikin uku na jarinsa, idan aka mayar masa da ƙari janyewa ciwo, ci gaba ciwo. Shi ya sa masana wasan ke cewa a wannan matsayi hanya biyu ce mai tsabta: ko duka, ko a haƙura.

Wani tsohon zakara mai suna Dan Harrington, wanda ya ci gasar duniya a 1995, ya fitar da littattafai a 2004 da 2005 inda ya yaɗa wani ma'auni mai sauƙi. Ya ce mutum ya raba tulinsa da abin da kuɗin dole ke ci a zagaye guda, amsar ita ce yawan zagayen da zai rayu idan bai taɓuka komai ba. Daga 20 zuwa sama mutum na da sarari. Tsakanin 10 da 20 an fara shiga matsi. Ƙasa da 6 kuwa wuta ta zo gemu. A yau kwamfuta ce ke tace irin wannan lissafi, har ma a 2017 wata manhaja ta jami'ar Carnegie Mellon mai suna Libratus ta doke ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh, amma tushen maganar bai sake ba.

Wa ake tura wa?

Ba kowa ake yi wa wannan ba. Ana yi wa mutumin da aka lura yana yawan ƙari da ko wace irin karta, musamman idan yana daga cikin na ƙarshe a layi, domin yawancin abin da ke hannunsa ba zai jure ba. Wanda kuwa ya daɗe shiru, sannan ya yi ƙari alhali akwai mutane da yawa a bayansa, wannan da abinsa ya zo, a ba shi hanya. Wani marubucin wasan, David Sklansky, ya bayyana cewa kartar da ake buƙata domin amsa ƙarin wani ta fi ƙarfin wadda ake buƙata domin fara ƙari, kuma a cikin wannan tazara ribar take.

Sunan mutum ma jari ne. A teburin ƙarshe na gasar 2004, wani ya yi ƙari, wani ya amsa, sai shi Harrington ya ɗora ƙari mai nauyi yana riƙe da 6 da 2, kartar da ba ta da wata daraja. Duka suka janye, saboda an san shi da rashin shiga sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Sannan idan an kusa kai wa matakin da ake fara rabon kuɗi, mai matsakaicin tuli shi ya fi kowa taka-tsantsan da mai babban tuli. Dalili kuwa, idan suka kara babban ya faɗi, rauni kawai ya ji, idan na tsakiya ya faɗi, ya tashi daga tebur ke nan.

Mu dawo kasuwa

Uwargida, ke ma kina da kuɗin dole, ko kin sayar ko ba ki sayar ba: cefane, hayar rumfa, tikitin kasuwa, patanti, zubin adashe, kuɗin lakwal na yara, gudummawar biki da suna, ga likita da ba ta sallama kafin ta zo. Tambayar farko ke nan da ya kamata mai jari ya yi wa kansa: idan yau ciniki ya tsaya cik, wata nawa abin da ke hannuna zai riƙe gidan? Wanda amsarsa wata biyu ce, ba shi da hurumin ɗaure kuɗinsa na wata shida, kome kyan farashi.

Ga misali, alƙaluman na kwatance ne, kowa ya saka nasa. A ce Hajiya na da jika 600, buhun albasa kuma jika 12 lokacin girbi. Ta sayi buhu 50 ta zuba a rudu. Albasa ba gero ba ce, tana ramewa, tana tsiro, damina ta sa wata ta ruɓe. A ce bayan wata shida buhu 35 suka rage. Idan shekara ta yi kyau buhu ya kai jika 36, ta tashi da jika 1,260, a ido riba jika 660. Amma sai an cire kuɗin rudu, masu tsincewa, sabbin buhuna da dako, a ce jika 100. Sai kuma a cire abin da da ta samu idan kuɗin na juyawa a rumfa, a ce jika 40 a wata, wato 240. Ribar gaskiya ta koma jika 320.

Idan kuwa hanya ta toshe farashi ya tsaya a jika 14, za ta tashi da 490, ta yi asarar 110 a uwar kuɗi, a haɗa da wancan 100 da 240, ta faɗi da jika 450. Ke nan sai shekara mai kyau ta zo kusan sau shida cikin goma kafin ma a ce an tashi babu ci babu asara. Kuma ba a nan babban haɗarin yake ba. Babban haɗarin shi ne yaro ya kwanta rashin lafiya a wata na biyu, babu ko dala a gida, dole a buɗe rudu a sayar a farashin da dillali ya ga dama. Mai ɓoyon kaya da ba ya da abin jira, ba shi ya ɓoye kaya ba, ajiya ya yi wa mai kuɗi.

Toshewar hanya kuwa ba tatsuniya ba ce. Albasar Galmi kasuwarta na Akra, Kumasi, Abijan, Lome da Kwatano. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakokin Najeriya da Benin, motocin albasa suka maƙale kaya na ruɓewa a ciki. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa waje in ban da Mali da Burkina Faso. Ba wanda ya san da waɗannan ranar da yake ƙirga kuɗi yana ba manomi. Su ne kartar da ake buɗewa bayan mutum ya riga ya tura.

Inda zuba duka ke da ma'ana

Shin ke nan kada a taɓa zuba duka? A'a. Mun ga cewa ribar mai foka tana zuwa ne idan ya kwashe tsakiya tun kafin sa'a ta yi magana. A kasuwa ma akwai irin wannan. A ce an kawo buhu 50 wurin lodi, wani ya taya amma rabi bashi yake so, sai ya dawo daga Gana ya cika. Kai kuma kana da mai saye a Yamai ko a Kwanni wanda kuka riga kuka yi magana ta waya, kun daɗe kuna hulɗa bai taɓa saɓa maka ba, ga mota na lodi a daren nan akwai wuri. Idan ka ɗora ɗan abu a kan tayinsa ka ce kuɗi hannu, manomi kai zai sallama wa, domin kuɗin hannu a lokacin girbi ya fi alkawari nauyi. Ribar buhu ba za ta kai ta mai ɓoyo ba, amma kuɗinka zai dawo cikin kwanaki. Nan ne ƙarfin mai matsakaicin jari yake: ya fi ƙarfin ƙaramin da ba zai iya ɗaukar kayan duka ba, ya kuma fi babban saurin biya idan shi kuɗinsa na kan hanya.

Sai dai a nan addini ya gindaya iyaka, kuma al'adar kasuwarmu ta san ta. Muddin kaya na hannun dillali ana tayi, ƙari halal ne. Amma da zarar mai kaya ya karkata ga wani sun daidaita, ya ce ya sallama, hadisi ya hana wani ya shigo ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. Haka nan an hana tayin ƙarya, wato mutum ya ɗaga farashi ba don yana son kayan ba sai don ya cuci mai saye. A teburin karta yaudara sana'a ce, a kasuwa kuwa ita ke kashe sunan mutum, sunan da shi ne zai sa gobe a ba shi kaya ba tare da ko takarda ba.

A kuma duba wanda ake karawa da shi. Sabon shiga da ke taya komai ya gani, ƙari kaɗan zai kore shi. Tsohon dilan da bai cika taya kaya ba, idan ya taya ya san abin da ya gani. Babban Alhaji kuwa ba ya janyewa don an ƙara jika ɗaya, zai iya bin ka har farashi ya wuce hankali sannan ya sakar maka, ko kuma ya sauke nasa kayan a kasuwar da kake dogaro da ita rana ɗaya da kai. Shi rauni zai ji, kai kuwa rumfa za ka rufe.

Haka kuma a yi hattara da rabin shiga. Mutum ya ba da kafin alƙalami na kashi ɗaya cikin uku na jarinsa a kan kayan da bai san inda zai samo cikon kuɗinsu ba, wannan shi ne daidai da ƙarin 700 da muka ambata: janyewa asara, ci gaba bashi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ragon layya

Mata masu turke da dillalan dabbobi da ke bin kasuwannin Abalak, Cintabaradan, Badagishiri da kasuwar Lahadi ta Tawa sun fi kowa sanin kuɗin dole, domin rago ba ya azumi. Kullum sai dusa da harawa, wata rana magani. Kuma shi wannan ciniki yana da ranar rufewa: wanda ragonsa ya kwana bai sayar ba har aka sauko daga idi, ya san abin da zai tarar. Faɗuwar darajar naira a 2016, da kuma wadda ta biyo baya daga 2023, ta rage ƙarfin masu saye daga Najeriya, waɗanda su ne suka saba ɗaga kasuwa. A Mayun 2025, ana saura makonni kaɗan sallah, hukuma ta dakatar da fitar da dabbobi zuwa waje domin farashi ya yi sauƙi a gida. Magidanta sun ji daɗi, amma wanda ya zuba jarinsa kaf yana hangen Abijan ko Legas, lissafinsa ya canza dare ɗaya. Wanda ya raba ƙafa, wasu raguna na masu ƙaramin ƙarfi, wasu manya, wasu kuma tun da wuri an yi masu kamu, shi ne ya fi samun barci.

Bambancin tebur da gida

Akwai abin da masu kallon wannan wasa a talabijin ba su cika lura da shi ba. Idan ƙwararre ya tura duka, abin da ke kan tebur ya tura, ba abin da ke gida ba. Kuɗin shiga gasa guda ɗan yanki ne na ajiyarsa, kuma yana shiga gasa da yawa a shekara, shi ya sa lissafin sau bakwai cikin goma ke yi masa aiki. Ɗan kasuwar albasa girbi ɗaya babba yake da shi a shekara, mai turke sallah ɗaya. Idan ukun nan marasa kyau suka fara zuwa, ba zai kai ga ganin bakwai ɗin ba. Samarin da ke dangwala waya suna cacar ƙwallo da kuɗin cinikin shagon maigidansu, wannan ne abin da ba su gane ba. Ga kuma bambanci mafi girma: a caca abin da wani ya samu daga aljihun wani ya fito, gidan caca kuma ya yanki nasa. A kasuwa manomi ya samu, mai mota ya samu, ɗan dako ya samu, mai miya a Kumasi ta samu albasarta.

Saboda haka kafin a kwance bakin zane ko a buɗe akwati, ga tambayoyi huɗu. Na ware abin da zai riƙe gida da rumfa har ranar da kuɗin za su dawo? Ina da mai saye a hannu, ko fata kawai nake yi? Idan abin ya juya, me zai rage mini, tunda wake da gero na jira, albasa da tumatir ba sa jira, rago kuma ci yake yi? Sannan wa nake karawa da shi, zai janye ko zai bi ni? Wanda ya samu amsa mai daɗi a duka huɗun, ya zuba abin da ya ware ba tare da jan ƙafa ba, domin dama ba ta zama. Wanda ya rasa ko guda, ya rage hannu, ko ya haɗa gwiwa da abokan adashe su ɗauki kayan tare, ko ya bari ta wuce. Kasuwa ba ta ƙarewa a rana ɗaya, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mana uwar kuɗi, amin.